Giginyar Ƙetaren Rafi

Ni 'yar Kiru ce, kuma a garinmu abin da ya faɗo daga bishiya na wanda ya riga kowa sunkuyawa ne. Da wannan tarbiyya aka kai ni aure kudu, wani ɗan ƙauye a ƙasar Doguwa, inda gonar ƙarshe take jingine da daji. Shekarun nan ne gab da tafiyar Turawa, lokacin da samari ke ta kwarara Riruwai haƙar kuza. Mijina bai je ba. Da damina noma yake yi, da rani kuma ya taya mahaifinsa kula da amya, gidajen zuman da suke saƙawa da ciyawa su rataye a kan bishiya. Zumar nan ita ce gishirinmu, ita ce suturarmu.

Kulle bai iso ƙauyen ba a lokacin. Mu mata mu ne ɗebo ruwa, mu ne itace, mu ne tsintar kaɗanya da ɗorawa. Bayan gari akwai rafi wanda da rani yake zama yashi, sai an tona ake samun ruwa. A ƙetarensa kuma akwai kurmi mai duhu, giginya tsaye a ciki kamar an shuka. Idan bazara ta yi, 'ya'yan suka nuna, daga tsakar gida kana jin faɗuwarsu, tim, ƙamshin kuma ya biyo iska har ɗaka.

Kowace mace a garin tana da ramin muruci a bayan danga. A binne ƙwallon giginya kafin ruwa ya sauka, a tono muruci da kaka, a dafa, yara su kai kasuwa. Wannan na sani tun daga gida. Abin da ban sani ba shi ne dokar ƙetare, kuma surukata ce ta kai ni ta nuna mini a bazarar farko. Tsohuwa ce doguwa, marar yawan magana, mai tafiya kamar ana bin ta bashi. Inna nake ce mata, ita kuma ba ta taɓa kirana da komai ba sai 'yar Kiru.

Muka haye yashi, muka shiga inuwa. Ga 'ya'yan giginya nan zube, jajaye, manya, wasu sun fashe. Na sunkuya zan ɗauka, ta buge mini hannu.

"Na wannan gefen ba a ɗaukar mai nama," in ji ta. "Na Mai Kurmi ne. Namu yana can."

Ta kai ni gindin wani falalen dutse. A nan na ga tarin ƙwallo, an tsotse su tas, zaren jikinsu ya yi fari kamar an wanke da toka, an kuma jera su wuri guda. Ɓawon yana gefe, shi ma a tare. Inna ta ce gwaggon biri ba ya haka, gatsa ɗaya yake yi ya yar ya nufi wani. Giwa kuwa haɗiyewa take yi gaba ɗaya. Wannan da hannu yake ɓarewa, a zaune yake ci, in ya gama ya tattara. Shi ya ci nama, mu mu kwashe ƙwallo mu binne. Haka kakanninsu suka tarar, ba wanda ya taɓa rasa rabonsa.

Na tambaya wa ya taɓa ganinsa. Ta ce mahaifin sarkin baka, kafin ya rasu, ya hango bayansa sau ɗaya: dogo, gashi ya rufe shi, ba wutsiya, yana tafiya da ƙafa biyu yana ɗan rangaji. Liman kuma da aka tambaye shi cewa ya yi halittun Allah ba su ƙidayuwa, kada wanda ya yi masa yanka ko roƙo, kada kuma wanda ya cuce shi. Iyakar abin da garin ya sani ke nan.

Na ce to, a baki. A zuciyata kuwa dariya nake yi. Na ɗauka wata tsohuwa ce mai wayo ta ƙirƙiro dodo tun zamanin da, don ta riƙa shan giginya ita kaɗai, jikokinta kuma suka gaji tsoron suka manta wayon. Ina da baki a lokacin, kuma ina ganin duk wanda bai taɓa cin kasuwar Kiru ba bai waye ba.

A shekarar nan ƙwallon da ya zo hannuna kaɗan ne, don sabuwar zuwa ita ce ta ƙarshe a rabo. Da kaka na tono muruci bai cika ƙwarya ba. Matan gari suka samu abin yi. In na wuce sai wata ta ce, "Ramin 'yar Kiru ko kaza ba ta juyawa a ciki." Wasa ne, na sani, amma ni ba na iya haɗiye wasa. Na riƙe shi a ciki har shekara ta zagayo.

Bazara ta biyu ta same ni na dawo daga wankan jego da ɗan fari a baya. Ruwa ya yi jinkiri, zafi ya yi tsanani, daji ya bushe ƙamas, ba abin da ke da ɗanɗano a cikinsa sai giginyar nan. Na haƙa rami mai faɗi. Da sassafe, kafin mata su fito, sai in ɗauki tulu kamar mai zuwa ruwa, in ajiye shi a yashi, in haye da kwando. Duk wanda ya faɗo cikin dare nawa ne. Ba na barin ko wanda ya fashe. Ranar farko gabana ya faɗi kaɗan, na yi ta waige. Ban ga komai ba sai kurciya. Daga nan tsoro ya tafi, abin ya zama aiki kamar kowane aiki.

Wasu na binne su yadda suke, da namansu, ina zuba musu ruwan wanke-wanke. Wasu na ɓare na dafa, na tace, na dama kunu da ruwan. Kunun giginya mai zaƙi, launinsa kamar manja. Gidan duka aka sha, har maƙwabta aka miƙa wa. Surukina ya ce yarinyar nan tana da hannu. Da aka tambayi inda na samu, na ce na gefenmu ne, sammako na yi. Na ji daɗin yabon nan ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Sai tarin gindin dutse ya fara raguwa. Mata suka je kwasa suka tarar da 'yan ƙwallo da ba su kai a raba ba, daga baya ma babu. Aka yi ta magana a bakin rijiyar yashi. Wata ta ce Mai Kurmi ya tsufa ne, wata ta ce ya yi ƙaura. Ina tsaye a cikinsu da tuluna, ina taya su mamaki.

Inna ba ta shiga wannan hira ba. Ita ƙasa take kallo. Wata rana muna itace ta tsaya a gaban wani suri da aka fasa ta gefe, an zura hannu ciki har gwiwar hannu, an kwashe gara. Gaba kaɗan muka ga an ɗaye ɓawon wata bishiya daga sama, inda mutum sai ya yi miƙa zai kai, an tauna an tofar da tuƙar a dunƙule. Ga ɗanyar kaɗanya an gatsa an bari, don ko akuya ba ta son ta a haka. A bakin rafi an tona saiwar ciyawa, rami bayan rami. Inna ta ɗauki tuƙar nan ta murza a yatsa.

"Yunwa yake ji," ta ce. Ba ta dube ni ba.

Daga ranar na daina hayewa. Na gaya wa kaina ramina ya cika ne. Gaskiyar ita ce tuƙar nan ta tsaya mini a rai. Na san yunwar da ke sa a tauna itace, mun yi ta a gida shekarar fara ina ƙarama. Amma dainawata ba ta gyara komai ba. Giginya lokaci gare ta, kuma na kwashe ta a ganiyarta. Abin da ya rage a sama ɗaiɗai ne, sai a wuni ba a ji faɗuwar ko ɗaya ba.

Ba a daɗe ba Mai Kurmi ya hayo gefenmu. Surukina ya je duba amya ya tarar an sauke ɗaya daga kan ɗorawa. Ba a farfasa ta ba. An cire marfin, an cinye saƙar duka har da 'ya'yan zuman, an jingine amyar a gindin bishiya kamar mai shirin dawo da kayan aro. Bayan kwana kaɗan aka sauke wata, sannan na maƙwabcinmu. Tsofaffi suka ce tun da suke ba su taɓa jin Mai Kurmi ya taka wannan gefen ba. Maza suka taru a ƙofar gidan mai unguwa, aka kira sarkin baka, aka yanke shawara za a kewaye kurmin da karnuka a sa masa wuta kafin ruwa ya sauka.

Washegarin shawarar nan Inna ta ce in ɗauko tulu in biyo ta. Ba rijiyar da muka saba ta nufa ba, ta yi sama da rafi, inda yashi ke da laima a ƙarƙashin wani gamji. An tona wurin da hannu an sha ruwa. A gefen ramin ga sawu. Kamar na mutum, amma ya fi na mijina tsawo da faɗi, babban yatsan kuma ya ware gefe shi kaɗai. Na tsaya ina kallo. Abin da na yi shekara ina yi wa dariya ga shi ya danne yashi da nauyinsa.

"Ba wannan na kawo ki gani ba," in ji Inna. "Duba nan."

Kusa da babban akwai ƙanana. Tafin hannuna zai rufe ɗaya. Sun yi 'yan taku kaɗan zuwa bakin ruwa, a karkace, irin tafiyar mai koyon tafiya, suka dawo suka ɓace a jikin babban, inda aka ɗauke shi.

"Ashe mace ce," ta ce. "Shekara da shekaru muna ce mata shi. Goyo gare ta, shi ya sa ta kasa haƙuri."

Yaron da ke bayana ya motsa, na ji nono ya zubo mini har ya jiƙa zane. Ni da ko kallon ɗan nan ba na yi a gaban Inna saboda kunyar ɗan fari, sai ga ni na kai hannu baya na riƙe ƙafarsa. Mai shayarwa ba ta da wata dabara in ciki ba komai, nono ƙafewa yake yi. Na san haka a jikina. Ni ce na bi ta kowace safiya na kwashe abincinta, na binne shi a rami don mata su daina yi mini dariya.

Na durƙusa a yashin na ce, "Inna, ni ce. Kunun nan na ƙetare ne."

"Na sani," ta ce. "Giginyar gefenmu guda nawa ce da za ta yi kunun gida biyu? Na sha, na ƙara. Daɗi ne ya rufe mini baki. Tashi, ba ke kaɗai ba ce."

Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Muka dawo gida. Na ɗauki fartanya na faɗa wa ramina, ina tunanin in mayar wa Mai Kurmi da abinta. Abin da na tono ya kore ni da wari. Naman ya ruɓe ya zama baƙin taɓo, tsutsa na yawo a ciki, wasu ƙwallayen har sun fara tsaga. Na zauna a bakin ramin na yi kuka, irin kukan haushin kai. A ɗaka na sami 'yan ƙwaya da suka rage ban dafa ba, sun fara yamushewa. Na haɗa da ɗanyar gyaɗa da garin ɗorawa, na kai gindin dutsen nan na ajiye. Inna ta ce ba ta jin Mai Kurmi za ta taɓa abin da ya kwana a ɗakin mutum. Da na koma dubawa tururuwa ce kawai a kai.

Saura maza. A garin nan matar ɗa ba ta tsayawa gaban surukinta ta yi dogon zance, don haka na roƙi Inna ta shige mini gaba. Muka same shi a zaure yana gyaran wata amya. Na durƙusa daga bakin ƙofa, kaina a ƙasa, ita ta faɗi komai: giginyar, ramin, ƙananan sawun. Ta ce a ba Mai Kurmi kwana kaɗan, ruwa na sauka daji zai yi ganye, za ta koma inda ta saba.

Surukina ya ajiye amyar. Mutumin kirki ne, bai ɗaga mini murya ba, kuma wannan ma ya ƙara mini nauyi.

"Yarinya ta yi kuskure, Allah ya yafe mana," ya ce. "Amma abin da ya ɗanɗana zuma ba ya komawa tauna itace. Yau amya ce. Gobe in ta tarar da yaro a gindin ɗorawar fa? Maganar kuma ta bar hannuna, ta gari ce."

Mijina ya ji kunya ƙwarai da labarin ya fita. Bai yi mini faɗa ba, cewa kawai ya yi da na tambaye shi da ya faɗa mini dokar ƙetare ba wasa ba ce. Na ce an faɗa mini. Ya ɗauki gorarsa ya fita. Matan gari kuwa ba wadda ta sake tsokanata da maganar rami. In na iso rijiya sai hira ta mutu, a matsa mini in ɗiba in tafi.

Ranar farautar da hantsi suka fita. Ina tsakar gida ina daka, ina jin haushin karnuka da ihun samari suna kewaye kurmi. Can sai hayaƙi ya tashi. Busassun ganyen giginya da suka shekara suna taruwa a ƙasa suka kama, ƙararsu kamar ana yayyaga sabon ƙyalle. Na ji bindiga ta tashi. Na ajiye taɓarya, na kwance yaron daga baya na rungume shi a gaba, a tsakiyar gida, Inna na kallo. Ba ta ce mini ina kunya ba. Ita ma ta bar tankaɗen da take yi.

Da la'asar suka dawo, baƙi ƙirin da toka. Gada ɗaya suka samo da 'yan gafiyoyi. Ba wanda ya ga Mai Kurmi, a raye ko a mace. Sarkin baka ya ce akwai wani lungu wajen duwatsu da karnuka suka ƙi shiga, suka tsaya suna kuka, wuta ce kawai ta shiga. Samari suka ce dama babu komai, wani tsohon gwaggon biri ne da garke ya kora. Na so in yarda da su, da na yi barci.

Da gari ya waye Inna ta ce mu je. Kurmin ya zama fili, giginyoyin na tsaye da baƙaƙen gindi, ƙasa duk toka, wani wurin da sauran ɗumi. Muka bi gefen duwatsu muna dubawa, ina addu'ar kada mu ga abin da nake tsoro. Ba mu ga gawa ba. A ƙarshen kurmin ta kudu, inda toka ta kwanta a kan laka, muka sami sawun. Babban ne, taku mai nisa, ya miƙe ya nufi duwatsun Riruwai. Muka bi shi har inda ƙasa ta yi tauri ya ɓace. Muka dawo muka sake bi, a sunkuye. Babu ƙaramin ko ɗaya.

"Mai gudun wuta ba ta barin yaro ya taka," in ji Inna. "Ta goya shi ne."

"In kuma ba ta same shi ba fa, Inna? In nonon ya riga ya ƙafe tun kafin wutar?"

Ta tsuguna ta sa yatsa a cikin sawun tana auna zurfinsa. Sai ta ce in taka a gefensa, da yaron a bayana. Na taka. Ta ce in kwanto mata angonta, haka take kiran jikan nata. Na kwance shi na miƙa mata, na sake takawa kusa da na farko, ni kaɗai. In na mai goyo ya fi nitsewa, in ji ta, to za mu san abin da za mu duba a nata.

Muka durƙusa mu biyu a kan sawuna guda biyu. Ta auna da yatsa, na auna. Ta karyo tsinke ta auna da shi. Ta matsa gefe don haske ya faɗo a kai, ta sake dubawa. Yaron da na yi wata tara ina ɗauke da shi, wanda bayana ke ciwo saboda shi kowace yamma, ƙasa ba ta san da shi ba. Sawun biyu zurfinsu ɗaya.

Inna ta yar da tsinken. Ta daɗe tana kallon kudu, yaron na wasa da bakin mayafinta. Sannan ta miƙo mini shi.

"Ba shi nono," ta ce. "Tun ɗazu yake nema."

Na zauna a cikin tokar na ba shi, kusa da sawun. Ya kama yana sha, nonon na zuwa har yana ƙwarewa, ni kuma na kasa duban fuskarsa.